Na samu gurbin karatun zane a jami'ar Kirista, amma gida ya rabu

Anti, barka da aiki. Ni budurwa ce 'yar shekara 18. Tun ina ƙarama nake zane, kuma bana na samu gurbi a wata jami'ar Kirista, a sashen da ake koyon zane da fenti da sassaƙa da hannu. Maimakon murna sai gida ya rikice. Baba ya ce ba zai zuba kuɗi shekara huɗu ba don in fito ina shafa fenti, in nemi abin da zai riƙe ni. Wani dattijo a majami'armu ya ja ni gefe ya karanta mini Fitowa 20:4, ya ce mai bi ba ya ƙera siffa. Malamin da ya koya mini zane a sakandare kuma ya ce in guji jami'ar addini, wai za su ɗaure mini hannu, ba za a bar ni in zana jikin mutum ba, in ƙare da zanen kurciya da gicciye. Mama ta ce in yi addu'a. Na yi, amma har yanzu ban san inda zan sa kaina ba. Wata ɗaya aka ba ni in amsa.

'Yata,

Mutum uku sun yi miki magana, kuma ban ga maƙiyinki a cikinsu ba. Sai dai daga yadda kika ba da labarin, babu ko ɗaya da ya taɓa taka ƙafa a sashen da ya ɗauke ki. Baba yana magana a kan zane gaba ɗaya, dattijo a kan siffa gaba ɗaya, malaminki a kan jami'o'in addini gaba ɗaya. Ke kuwa ɗaki ɗaya za ki shiga, a hannun wasu malamai 'yan ƙalilan, ki yi shekara huɗu tare da su. Wannan ɗakin da waɗannan malaman su ne abin bincikenki cikin watan da aka ba ki.

Zan fara da dattijon, domin maganar da ta taɓa lamiri ita ce ke hana barci. Ayar da ya karanta miki gaskiya ce, kada ki raina ta. Amma ki wuce zuwa aya ta 5, za ki ga hanin yana tafe ne da yi wa siffar sujada da bauta mata. Ki ƙara buɗe gaba kaɗan. A sura ta 25, Allahn da ya ba da dokar shi ne ya umarci a ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa murfin akwatin alkawari. A sura ta 31 ya kira Bezalel ɗan Uri, na kabilar Yahuza, da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace, ya haɗa shi da Oholiyab na kabilar Dan. Haikalin Sulemanu kuwa bangonsa sassaƙe yake da kerubobi da itatuwan dabino da furanni, kuma babbar kwatarniyar tagulla a kan siffofin bijimai 12 aka ɗora ta. Labarin da ya fi fayyace mini iyakar shi ne na macijin tagulla. Allah ne ya sa Musa ya ƙera shi a jeji, kamar yadda yake a Littafin Ƙidaya sura ta 21. Bayan ɗaruruwan shekaru, da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi, kuma 2 Sarakuna 18 ya lissafa wannan cikin abubuwan kirki da ya yi. Macijin dai shi ne, abin da mutane ke yi a gabansa ne ya sauya.

Duk da haka kada ki ɗauki dattijon nan a matsayin wanda bai san komai ba. Damuwarsa tsohuwa ce a cikin ikilisiya. A daular Rum ta gabas an yi fiye da shekara ɗari ana ja-in-ja a kan hotunan tsarkaka, ana fasawa ana mayarwa. Wani malamin ikilisiya, Yohanna na Dimashƙu, ya kafa hujja da cewa tunda Allah ya ɗauki jiki har ido ya gan shi, to ana iya zana abin da aka gani. Majalisar Nikiya ta biyu, wato babban taron shugabannin ikilisiya, ta amince da hotunan a shekarar 787, rikicin ya sake tashi, bai kwanta ba sai 843. A zamanin gyaran ikilisiya an kwashe hotuna daga majami'un birnin Zurik a 1524, an kuma farfasa siffofi masu yawa a ƙasashen Holan a 1566. Martin Luther bai yarda da fashe-fashen ba, har babban mai zane Lucas Cranach amininsa ne. John Calvin ya hana hotuna a wurin sujada, amma ya yarda cewa zane da sassaƙa baiwa ce daga Allah, muddin abin da ido ke iya gani aka zana. Na kawo miki wannan ne don ki gane cewa "jami'ar Kirista" ba abu ɗaya ba ce. Ta Katolika da ta Lutheran da ta Baptis kowace da gadonta a wannan batu, kuma gadon yana bayyana a abin da ake bari a rataya a bango. Ki san ɗarikar da ta kafa taki.

Shi dattijon, ki koma wurinsa da ladabi, ki roƙe shi ku karanta Fitowa 31 tare, in da hali a gaban fastonku. Ba don ki kayar da shi ba. Idan ya sauya ra'ayi, madalla. Idan bai sauya ba, ki gode masa, ki ci gaba da gaishe shi kamar da.

Malaminki kuma yana da rabin gaskiya, kuma a nan nake so mu daɗe.

Zana jikin mutum ana kallonsa ido da ido shi ne ƙashin bayan koyon zane tun ƙarnoni da dama. Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Idonmu ya san jikin ɗan Adam fiye da komai, don haka ƙaramin kuskure a tsawon hannu ko a karkatar kafaɗa nan take yake fitowa. Za ki iya zana bishiya a karkace ta wuce, mutum ba zai wuce ba. A irin wannan aji ake koyon inda nauyi yake sauka idan mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, da yadda ƙugu ke karkata wani gefe kafaɗa ta karkata wani, da yadda hannun da aka miƙo miki yake gajarcewa a ido. Ana farawa da zanen gaggawa na daƙiƙa 30 ko minti 2, a hau har zuwa zaman sa'o'i. Jami'o'in Kirista sun rabu a kan yadda wanda ake zanawa zai tsaya. Wasu suna bin al'adar makarantun zane, ba tufa, da dokoki masu tsauri a ajin. Wasu suna sa masa kaya masu kama jiki irin na masu ninƙaya. Wasu kuma sun cire ajin gaba ɗaya. Gardamar ba a kanku ta fara ba. Michelangelo ya gama zanen ranar shari'a a ɗakin sujada na Sistin a Roma a 1541, kuma a 1565 aka sa Daniele da Volterra ya zana mayafai a kan tsiraicin da ke ciki. A Filadelfiya ta Amurka, a makarantar da ba ta addini ba ma, an tilasta wa malamin zane Thomas Eakins barin aiki a 1886 saboda ya cire wa wani namiji da ake zanawa bante a ajin da akwai mata.

Ra'ayina shi ne, idan sashen yana zana mutum mai rai sanye da kaya masu kama jiki, yana da ƙwarangwal da siffofin filasta na koyo, yana kuma koyar da ƙasusuwa da tsokoki, to za ki samu mafi yawan abin da kike buƙata, ragowar kuma kina iya cikewa daga baya idan lamirinki ya yarda. Idan ke da kanki ba ki natsu da zana tsiraici ba, wannan ba ƙauyanci ba ne, kada wani ya sa ki jin kunya. Abin da ba zan yarda miki da shi ba shi ne sashen da ɗalibai ke kwafa daga hoton waya shekara huɗu. Kyamara ido ɗaya gare ta, ta riga ta baje komai, ta yanke shawarar haske da inuwa kafin ki ɗauki gawayi. Wanda ya koyi zane daga hoto kaɗai, ranar da aka zaunar da mutum a gabansa sai hannunsa ya ƙi tafiya.

Amma akwai haɗarin da malaminki bai ambata ba, kuma shi ne ya fi damuna, wato yabo. A sashen zane na gaskiya akwai zaman sharhi. Kowa ya rataya aikinsa, malami da ɗalibai su tsaya a gabansa su faɗi inda ya yi da inda ya gaza, ke kina tsaye kina ji. Yana da zafi, musamman a shekarar farko, kuma a nan ake yin mafi yawan girma. To a cikin jama'ar da kowa ɗan'uwa ne a cikin bangaskiya, ana addu'a tare da safe, yana da sauƙi wannan zaman ya koma na ƙarfafa gwiwa kawai. Ɗaliba ta zana Almasihu yana riƙe da ɗan rago, kowa ya ce ya taɓa masa zuciya, babu mai ƙarfin halin cewa hannun ya fi kai girma, launukan sun cakuɗe sun zama laka. Tsarkin abin da aka zana ba ya gyara hannun da aka zana a karkace. Idan aka yi miki irin wannan lallashin shekara huɗu, za ki fito da takardar digiri da hannun da kika shiga da shi, kuma duniyar da za ki nemi aiki a cikinta ba za ta lallashe ki ba. Bezalel da muka ambata, da hikima da fahimi da gwanintar sana'a aka cika shi, ba da kyakkyawar niyya kaɗai ba.

Ɗan'uwan wannan haɗarin shi ne a sa miki a rai cewa duk abin da kika zana dole ya zama wa'azi, dole kuma ya ƙare da haske. Littafi Mai Tsarki kansa ba haka yake ba. Akwai Ayuba, akwai Makoki, akwai Zabura 88 da ta ƙare a cikin duhu. Tsakanin 1512 da 1516 Matthias Grünewald ya zana gicciye domin wani asibitin sufaye a Isenhaim, inda ake jinyar masu mugun ciwon fata. Ya zana jikin Almasihu cike da miki, yatsu a murɗe, domin majinyacin da aka kawo gaban hoton ya ga cewa an san ciwonsa. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 kuwa, da majami'unsu suka daina sayen hotuna, sai suka juya ga fuskokin maƙwabta da filayen noma da kayan kan tebur, kuma daga wannan ƙasa Rembrandt da Vermeer suka fito. Mai bi yana iya zana kujera da tsoron Allah, idan ya dube ta da gaskiya.

Kada ki ɗauka ina kushe jami'ar Kirista ne. Idan an dace, tana ba da abin da ba a samu ko'ina ba. Malami zai ɗauki bangaskiyarki da muhimmanci, ba sai kin ɓoye ta don a ɗauke ki mai hankali ba. Za a bar ki ki yi tambayar da wasu wuraren ke kauce wa, wato don me ake ƙera abu mai kyau a duniyar da ke cike da wahala. Kuma a ajin tarihin zane za ki ga kin riga wasu, domin babban kaso na zanen Turai na ƙarnoni da yawa, da na majami'un Habasha, labaran da kika sani tun makarantar Lahadi ne. Sai dai ki duba kada tarihin ya tsaya a nan. Ya kamata ya kai ki ƙarni na 20 da abin da ake yi yau, da fasahar Afirka da ta Asiya da ƙawata rubutu na duniyar Musulunci, har da ayyukan da ba za ki so ba.

Don haka ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Kada ki tsaya a ofishin masu karɓar baƙi, ki nemi a kai ki ɗakunan aiki a ranar da ake karatu. Ki dubi abin da 'yan shekarar ƙarshe suka rataya. Idan duk ayyukan suna kama da juna, ko suna kama da na malami ɗaya, wannan alama ce mara kyau. Ki roƙi a bar ki ki zauna a zaman sharhi guda, ki saurara ko akwai wanda ake gaya wa gaskiya. Ki tambaya ko malaman suna aikinsu na kansu har yanzu, da inda suka baje kolinsa a 'yan shekarun nan, domin wanda ya ajiye burushi tun tuni ba zai kai ki inda shi bai je ba. Ki tambaya wa ke da ikon cewa a sauke wani aiki daga bango, kuma ko an taɓa yi, a kan me. Wannan tambayar ki yi wa ɗalibai ita a inda babu malami.

Ki duba kayan aiki ma. Akwai tanderun gasa yumɓu mai aiki? Akwai injin ɗab'in zane, da wurin aikin katako da ƙarfe, da kwamfutoci? Ana barin ɗakin a buɗe da dare da ƙarshen mako? Iska tana shiga tana fita? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin tururin man tsinka fenti da ƙurar busasshen yumɓu suna illa ga huhu, wasu launuka kuma akwai ƙarafa masu guba irin su dalma ko kadmiyam a cikinsu. Sashen da bai damu da huhun ɗalibansa ba ya riga ya nuna miki matsayin zane a wannan jami'ar.

Sai irin digirin. A tsarin Amurka, wanda wasu ƙasashe ke da makamancinsa, akwai BA, wato digirin farko na gama-gari, da BFA, wato digirin farko na ƙwarewa a zane. A BFA kusan kashi 65 cikin 100 na karatun zane ne da abin da ya shafe shi, a BA kuwa bai kai rabi ba, sauran na fannoni daban-daban ne. A jami'ar addini kuma akwai kwasa-kwasan Littafi Mai Tsarki da halartar sujada da ke cin nasu lokacin. Ki lissafa sa'o'in da za ki yi hannunki a kan aiki a kowane mako. Ki tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasar ta amince da wannan kwas ɗin shi kansa, ba da jami'ar kawai ba. Idan akwai takardar ƙa'idojin ɗabi'a ko ta furcin bangaskiya da ake sa wa hannu, ki karanta ta kaf tun a gida.

Yanzu Baba. Kada ki ji haushinsa, tambayarsa ita ce mafi nauyi a cikin ukun, kuma tana da gaskiya. Kaɗan ne ke rayuwa da sayar da zanensu kaɗai. Yawancin waɗanda suka karanta wannan fanni suna haɗa shi da koyarwa, ko tsara littattafai da tallace-tallace, ko zanen yadi, ko aikin gidajen adana kayan tarihi, ko zane mai motsi na finafinai da wasannin kwamfuta. Koyarwa a jami'a kuma galibi sai da digiri na biyu. Tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto daga rubutu cikin daƙiƙoƙi, kuma sun fara cin ƙananan ayyukan da masu farawa ke dogara da su. Idan Baba ya kawo wannan, kada ki musa. Ki ce masa shi ya sa kike neman horon da zai ba ki ido da hannu da iya yanke shawara, tare da sanin na'urorin su kansu.

Akwai wani mai zane Ba'amurke baƙar fata, Henry Ossawa Tanner, wanda mahaifinsa malamin ikilisiya ne da ya zama bishop daga baya. Uban ya tura shi koyon sana'ar niƙan gari don ya bar zane, aikin ya kwantar da shi ciwo, daga nan iyayen suka sakar masa. Ya yi karatu a hannun Eakins ɗin nan, ya buɗe shagon ɗaukar hoto ya rushe, ya yi koyarwa, ya tafi Faris a 1891. Sai a 1897, yana dab da shekara 40, gwamnatin Faransa ta sayi zanensa na tashin Li'azaru. Idan za ki ba Baba wannan labarin, ki ba shi har da rushewar shagon da tsawon shekarun, domin ya san kin san abin da kike shiga.

Uba irin naki hawaye ba ya juya shi kamar yadda shiri ke juya shi. Ki rubuta a takarda: kuɗin makaranta, da kuɗin kayan aiki wanda ba ya cikin kuɗin makaranta kuma yana da yawa, da tallafin karatun da za ki nema, da sana'a ta biyu da za ki haɗa, ko shaidar koyarwa ko tsara zane a kwamfuta ko ilimin kasuwanci. Ki nemi sanin abin da waɗanda suka gama sashen shekara biyar da suka wuce suke yi yanzu, ki sa a ciki. Ki fara nuna wa Mama, ta zaɓar miki lokacin da hankalinsa yake kwance. In akwai kawu ko gwaggo da yake jin maganarsu, a sa su a ciki. Ki roƙe shi ya raka ki ziyarar, sannan ki yi masa tayin cewa bayan shekara ɗaya za ku zauna ku dubi sakamako da kundin ayyukanki, idan babu ci gaba ki yarda a sake shawara. Abu ɗaya da zan tsaya tare da Baba a kai ko da kin yi fushi da ni: kada a ci bashi mai nauyi saboda wannan digirin. Bashi yana tilasta wa mutum karɓar kowane irin aiki da zarar ya gama, kuma zanen ne ke fara mutuwa.

Ke ma akwai abin da za ki gwada a kanki cikin watan nan. Kullum ki ware sa'a guda ki zana abin da ke gabanki, ba daga waya ba, kuma ba abin da kika riga kika iya ba. Hannunki na hagu, ƙafar ƙaninki yana barci, kujera daga ƙasa, mayafi da aka yar a kan gado. Kada ki nuna wa masu yabonki. Ki kai wa malaminki na sakandare, ki ce ya nuna miki kurakurai kawai. Idan bayan ya gama kika ji kina ɗokin komawa ki gyara, to za ki iya da zaman sharhi.

Idan kin je kin tarar ana zana mutum mai rai, malamai suna aiki, ana faɗa wa ɗalibai gaskiya, kuma kuɗin bai fi ƙarfin gida ba, ki karɓi gurbin hankali kwance. Idan biyu daga cikin waɗannan sun gaza, ki tambaya ko za a iya ajiye miki gurbin zuwa baɗi, ki yi amfani da shekarar wajen gina kundin ayyukanki da neman wata makarantar, ta addini ce ko ba ta addini ba. Ki gaishe mini da Mama.